Kwabo Mai Huji Ba Zai Azurta Kowa Ba, Amma A Daina Sayar Da Shi A Kilo

A tsofaffin gidajen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, idan tsohuwa ta rasu aka zo buɗe adakarta domin rabon gado, akan fitar da zannuwa da tasoshi da 'yan kunne, a ƙidaya, a yi musu kuɗi. Can a ƙasan adakar kuma sau da yawa akan tarar da wani ɗan ƙunshi a tsumma, ko gwangwanin madara mai tsatsa, cike da tsofaffin sulalla: kwabo mai huji, anini, sisi, sule mai hoton kwakwar manja, wani lokaci har da liyari na azurfa da aka yi wa kunne domin ratayawa a wuya. Malamin da ke rabon ba ya sa su a lissafi, magada ma ba sa jayayya a kansu. Daga nan ƙunshin yakan bi ɗaya daga hanyoyi biyu. Ko yara su kwashe su kai wa ɗan gwangwan ya auna su tare da fasasshen murhu da tsohuwar tukunya, ko kuma wani ɗan gidan da ya taɓa jin labari a WhatsApp ya kulle su yana jiran Baturen da zai zo ya saya da miliyoyi. Duka biyun asara ce, kuma tushensu ɗaya: rashin sanin abin da ke hannu.

Abin mamaki shi ne harshen Hausa bai manta da waɗannan kuɗi ba, ko da yake masu magana da shi sun manta da kamanninsu. Matashin da bai taɓa riƙe anini ba yana rantsuwa cewa ba shi da ko anini. Ana cewa ba a ba wane ko sisin kwabo ba. Hafsan soja ana ƙidaya girmansa da aninan da ke kafaɗarsa, kuma an daɗe ana kiran Naira 200 jaka guda, domin ita ce ta gaji fam 100. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Da zarar an tsallaka iyaka daga Shinkafi zuwa ƙasar Maraɗi, farashin komai da dala ake faɗarsa, kowace dala sefa 5. Mutumin da ya tara waɗannan sulalla ya jera su yana jera kalmomin da yake furtawa kullum ne, wannan karon a tafin hannu.

Kafin Turawa, kuɗin wannan yanki wuri ne, kuma daga nesa yake zuwa. Mai kyansa daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya ake samo shi, sannan a tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka fara jigilar wani nau'i mai araha daga gaɓar Zanzibar, wanda ya cika kasuwanni ya karya darajar wurin baki ɗaya. Zurmi tana kan hanyar fatake tsakanin Kano da Katsina da Sakkwato. Ta nan Clapperton ya bi a 1824, Barth ma ya ratsa ta a 1853. Barth ya rubuta cewa a Kano, a 1851, wuri 2,500 ne ke sayen liyari guda. A wannan farashi, keso ɗaya na wuri 20,000, wanda kaya ne na ƙato guda, liyari takwas ne kacal. Duk wanda ya fahimci wannan lissafi ya fahimci dalilin da ya sa attajirai suka riƙa ajiye dukiyarsu a azurfa da tufafi da dawaki, da kuma bayi, wanda shi ne ɓangaren tarihin da ba a cika son ambatawa ba.

Liyarin da ake magana shi ne dalar Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, mai nauyin giram 28, wadda kashi 83 cikin ɗari nata azurfa ce. Kowace ɗaya tana ɗauke da shekarar 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu. A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Mai liyari yakan ga 1780 ya ɗauka yana riƙe da abin da ya haura shekara 240, alhali an ci gaba da buga ta da wannan shekara ba a sauya ba, a Biyana, daga baya kuma a Rum da Landan da Faris da Bambai, saboda 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka ba sa karɓar wadda ta sha bamban da wadda suka sani. Har yau ana buga ta a Biyana. Liyarin kaka yana iya zama na zamanin Sarkin Musulmi Bello, yana kuma iya zama wanda wani alhaji ya sayo a Jidda a shekarun 1950.

Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, gwamnatin mulkin mallaka ta hana shigo da wuri a 1904, ta kuma matsa a riƙa biyan haraji da kuɗin Ingila. Matsalar ita ce mafi ƙanƙantar kuɗin Ingila ya yi wa cinikin yau da kullum girma: mai sayen daddawa ko ɗan gishiri na wuri ashirin ba shi da abin da zai miƙa. Saboda haka aka ƙirƙiro anini a 1907, kashi ɗaya cikin goma na kwabo. Bayanin da aka fi yi game da sunan ɗari, wato rabin kwabo, shi ne cewa a lokacin wuri ɗari yake saye. Idan haka ne, anini ya yi daidai da wuri ashirin, hauya guda a tsohon ƙidayar. Aninin farko da sanholo aka yi shi, yana cikin sulallan sanholo na farko da aka fara kashewa a duniya, amma bai jure gumi da damina ba, ya riƙa cinyewa, sai aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel a 1908. An huda tsakiyarsa domin a riƙa zarga shi a zare. An rubuta darajarsa da haruffan Larabci, domin su ne masu karatu na ƙasar suka sani. A bayansa kuma akwai tauraro mai tsini shida, wanda wasu a yau suke ɗauka alamar Isra'ila ce, alhali kuɗin ya girmi ƙasar Isra'ila da shekara 41. Malaman zaure sun san wannan zane a matsayin hatimin Annabi Sulaimanu, kuma yana kan tsofaffin fulus na Maroko tun kafin Turawa su buga nasu.

Sulallan farko suna ɗauke da sunan Nijeriya tare da na Afirka ta Yamma ta Ingila. Daga 1912, shekarar da aka kafa hukumar kuɗi ta bai-ɗaya ga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, aka cire sunan Nijeriya. A 1913 aka fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa. Ba su daɗe ba: azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, mutane suna ɓoye su, maƙeran fari suna narkar da su su yi mundaye da zobba, sai aka koma farin ƙarfe mai ruwan tagulla a 1920. Wannan shi ne kuɗin da ya malalo arewacin Zamfara lokacin da layin dogo daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Garin ya zama ƙarshen layi, wurin da gyaɗa da auduga na ƙasar Zurmi da Shinkafi da Isa suke taruwa a kan jakuna da raƙuma kafin a loda su zuwa Ikko. Manomi yana karɓar sule a bakin sikeli da kaka, ya miƙa wani kaso ga mai unguwa a matsayin haraji, ya sayi turmin atamfa da gishiri, saura ya binne a tukunya a ƙarƙashin gado. Yawan sulallan shekarun 1930 da 1940 da ake tsinta a wannan yanki shaidar wancan ciniki ce, kuma babu wata takarda a Kaduna da ta adana shi ta fuskar manomin kamar yadda tukunyarsa ta yi.

Sulallan Tarayyar Nijeriya na 1959, waɗanda Babban Banki ya fitar a shekarar da ya fara aiki, sun sa auduga a kan taro, gyaɗa a kan fataka. Da naira ta zo ranar 1 ga Janairu 1973, gyaɗa ta koma kan kwabo 25, auduga a kan rabin kwabo, rijiyar mai kuma ta hau kan kwabo ɗaya. Malamin tarihin da ke neman hanyar nuna wa ɗaliban sakandare yadda tattalin arzikin ƙasa ya juya baya ga Ƙauran Namoda zai iya yin haka da sulalla huɗu a kan tebur.

Akwai wata ƙasa mai nisa da labarinta ke da amfani a nan, wato Tibet, can a kan tsaunukan Himalaya. Masu tara tsofaffin kuɗi a duniya suna ba sulallanta muhimmanci ƙwarai, kuma tarihinsu ya yi kama da na nan ta fuskoki da dama. Tibet ma ta daɗe tana amfani da kuɗin da wasu suka buga mata: tana aika azurfa Nepal, sarakunan can su buga su mayar mata. Da aka fara cakuɗa azurfar da jan ƙarfe, rikicin wanda zai ɗauki asarar ya zama ɗaya daga dalilan da suka sa Gurkawan Nepal suka kai mata yaƙi a 1788 da 1791, har sai da daular Sin ta aiko da runduna. Bayan haka ne aka riƙa buga kuɗin azurfa da ake kira tangka a cikin ƙasar. Saboda ƙarancin canji, mutane sukan datsa tangka gida-gida su yi ciniki da gutsattsarin, matsalar da anini ya zo ya warware a nan. A farkon ƙarni na 20, da rufi na Indiya mai hoton Sarauniya Biktoriya ya mamaye kasuwannin gabashin Tibet, hukumomin lardin Sichuan suka buga nasu mai kama da shi da hoton sarkin Sin domin su kore shi. An buga na zinariya mai darajar sarang 20 tsakanin 1918 da 1921, kuma shi ne wanda masu tarawa suka fi nema. A 1959 aka soke kuɗin Tibet gaba ɗaya aka maye gurbinsa da na Sin.

Abin lura shi ne yadda aka yi sulallan Tibet suka samu daraja. Tangka na gama-gari, wanda aka buga da yawa tsawon kusan ƙarni guda, har yau ba shi da tsada. Waɗanda suka yi tsada sun yi ne saboda wasu mutane sun zauna shekara da shekaru suna auna su, suna kwatanta hatimin bugu da hatimin bugu, suna rubuta littattafan da ke bambance na wannan gidan bugu da na wancan. Ilimin ne ya haifar da kasuwar. Da kasuwar ta kafu kuma sai jabu ya biyo baya, har ta kai mai sayen sarang 20 na zinariya ba ya miƙa kuɗinsa sai ya san hannun da abin ya bi kafin ya iso gare shi. Yawancin wannan ilimi da mafi kyawun sulallan kuwa suna wajen Tibet, a gidajen tarihi da ɗakunan gwanjo na wasu ƙasashe.

To, mene ne gaskiyar darajar ƙunshin kaka? Ga mafi yawansa, kaɗan ce. Kwabo da ɗari da anini an buga su miliyoyi a Landan da Birmingham. Ƙananan haruffan H ko KN da ake gani a jikin wasu alamar kamfanonin Birmingham ɗin ne da suka yi aikin. Wanda ya sha hannu ya goge, a kasuwar masu tarawa ta duniya, da ƙyar ya wuce kuɗin kwanon abinci. Ko kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta a watan Disamba na shekarar da ya hau, bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Gaskiya ne Ingila kanta ba ta fitar da kuɗi da sunansa ga jama'a ba, kuma Afirka ta Yamma tana cikin wurare ƙalilan da suka fitar, amma an buga shi da yawan gaske. Masu wuyar samu su ne irin aninin sanholo da bai cinye ba, da sulallan da ba su taɓa shiga kasuwa ba, da 'yan kura-kuran bugu, kamar kwabon 1936 da aka haɗa wa fuska ɗaya ta kuɗin Afirka ta Gabas. Irin waɗannan ba a cika samun su a gwangwanin madara ba. Sule da fataka na 1913 zuwa 1919 da liyari suna da darajar azurfarsu, wadda ba ta da alaƙa da tsufa. Wanda ya tara liyari na gaske 26 ma ya kai nisabin azurfa, zakka ta hau kansa idan shekara ta zagayo.

Dole a faɗi wannan ƙarara saboda 'yan damfara suna cin abinci da jahilcinsa. Salon ba sabo ba ne: a 2009 jita-jitar cewa akwai wani jan sinadari mai tsadar gaske a cikin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer ta sa mutane a Saudiyya suka riƙa sayensu da dubban riyal, kuma babu wanda ya taɓa ganin sinadarin. Irin wannan labari yakan sauya riga ya koma kan tsohon dutsen guga ko kwabo mai huji. Wani ya zo ya ce akwai mai saye a Legas ko Dubai, amma sai an biya kuɗin gwaji, ko kuɗin takarda, ko an sayi cikon guda goma daga wani abokin cin mushensa. Wanda ya san cewa kwabonsa ɗaya ne daga miliyoyi ba ya faɗawa wannan rami.

Idan kuɗin ba su da tsada, me ya sa za a damu da ɗan gwangwan? Saboda abin da ke da wuyar samu a ƙunshin shi ne labarinsa. Kwabon 1942 da ke kantin dillali a Landan ƙarfe ne kawai, akwai dubbai irinsa. Kwabon 1942 da aka san an tono shi a tukunya a wani kango a ƙasar Zurmi, tare da sule arba'in da wuri cikin ƙoƙo, wanda na baya-bayan nan a cikinsu na 1947 ne, yana gaya wa mai bincike lokacin da aka binne tukunyar, da abin da ake kira dukiya a ƙauyen a lokacin, da cewa mai gidan bai yarda ya rabu da wuri ba shekara arba'in bayan zuwan anini. Ranar da aka watsa tukunyar, aka zaɓi na azurfa aka kai wa maƙeri, aka zuba saura a buhun jari-bola, wannan bayani ya tafi, kuma babu kuɗin da zai dawo da shi. Haka liyarin da aka san sadakin wance ne, ko aninan da aka ɗinka a rigar wani ɗan tauri: huji da kunnen da suke rage musu daraja a idon dillalin Turai su ne suke ƙara musu ita a idon mai tarihin Zamfara.

Mai karatu daga yankin yana da haƙƙin ya ce wannan magana ce ta wanda ya ƙoshi. A ƙasar da ake sace mutane a gona, ake sa wa ƙauyuka harajin 'yan bindiga, inda a 2021 aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya na tsawon makonni, wa ke da lokacin anini? Ƙorafin yana da nauyi, kuma ba wanda zai ce wa matar da ta gudo daga ƙauyenta da goyo kada ta sayar da liyarin uwarta ta sayi hatsi; don irin wannan rana aka ajiye shi tun farko. Sai dai wannan hali shi ne ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Adakar da ta shekara saba'in a ɗaki ɗaya yanzu tana kan kai ana gudu da ita, ko an bar ta a gidan da aka ƙona. Tsofaffin da suka karɓi sule a bakin sikelin Ƙaura, waɗanda za su iya faɗar abin da taro yake saye a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, suna ƙarewa a gidajen 'yan uwa a Gusau da Sakkwato. Wanda ya kai shekara goma sha biyar lokacin da aka daina fam da sule a 1973 yanzu ya doshi saba'in.

Aikin kuma ba na kasafin gwamnati ba ne, kuma da zai fi kyau kada a jira ta. Babban Banki yana da gidan tarihin kuɗi a Abuja tun 2009, amma yaron Zurmi ba zai je can ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda tana nan tun 1983, tana da ɗakin karatu. Akwati ɗaya mai gilashi da rajista guda sun isa a fara. Fadar Sarkin Kiyawa da ta Sarkin Zamfaran Zurmi wurare ne da jama'a suka saba kai amana, kuma iyali zai fi sakin jiki ya ba da aron ƙunshin kakarsa ga fada, a rubuta sunan gidan a jikinsa, fiye da ya miƙa shi ga ofishin da bai san wanda zai gaji kujerarsa ba. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke neman batun kundin kammala karatu suna da shi a nan: a ɗauki hoton kowane sulai gaba da baya, a auna, a naɗi muryar mai shi. Abin da aka tono daga ƙasa kuwa yana iya shiga ƙarƙashin dokar kayan tarihi ta 1979, wadda ta hana fitar da irinsu waje ba da izinin hukumar gidajen tarihi ba, kuma ya kamata mai tonowa ya san haka kafin dillali ya zo masa da daɗin baki.

Ga likita ko lauya ko ma'aikacin banki ɗan yankin da ke zaune a Abuja ko Kaduna, wanda zai je gida da salla, abin da ake nema bai fi na yini ɗaya ba. Ya tambayi inda ƙunshin yake. Kada ya goge sulallan da toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe, domin gugar tana cire fatar da shekaru suka yi musu, ta kuma zubar da 'yar darajar da suke da ita ko a wurin dillali. Kada ya raba abin da aka samu tare. Liyari ya ɗora shi a sikelin masu zinariya ya ga ko ya kai giram 28, ya kuma kusanta masa maganaɗisu, domin azurfa ba ta kamawa. Sa'an nan ya sa kowane kashi a ambulan ta takarda, ba leda ba, ya zauna da mafi tsufa a gidan ya tambaye ta na wane ne, daga ina, a kan me aka same shi, ya rubuta amsar a bayan ambulan ɗin da kwanan wata da sunan garin.